Jakar da Ko-ta-kwana Ta Zaɓa

A duk layin babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Ko-ta-kwana ake ce mata, a gabanta da bayan idonta, ita kuma ba ta taɓa jin haushi ba, don a wajenta yabo ne. Mace ce da in za ta leƙa maƙwabciya gaisuwar rashin lafiya sai ta ɗauki lema, tocila, maganin ciwon kai da ɗankwali na biyu, alhali ƙofa uku ce tsakaninsu. In ka tambaye ta dalili sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Kai ka san abin da zai faru kafin in dawo?"

Abin yana da tushe. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya motar da ta ɗauko su, ita da uwarta da ƙannenta uku, ta lalace a tsakiyar daji. Kwana biyu suka yi a bakin hanya ruwan sama yana dukansu, ba bargo, ba kofi, ashanar direba ma ta jiƙe. Ba wanda ya rasa ransa, ƙaninta dai ya yi wata uku yana tari. Amma tun daga ranar ta ƙudura a ranta cewa duniya ba za ta sake ritsa ta hannu rabbana ba, ita da duk wanda ya fito daga ɗakinta.

Aikinta ma sai ya zo daidai da halinta. Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin wanki na wani babban asibiti, tana guga da ninkin zannuwan gado da rigunan marasa lafiya. A can ta ƙware a abin da ya zame wa iyalinta jarraba: ba a taɓa kawo mata akwatin da aka ce ya cika ta kasa samar wa wasu kaya goma wuri a ciki ba. Ninkinta ma daban yake. Riga sau uku take naɗe ta, ta tura wuyan ciki, sannan ta lanƙwasa kusurwa ɗaya kamar yadda ake yi wa shafin littafi, alamar ta duba maɓallai, ta duba ɗinki, babu abin da ya rage.

Mijinta lebura ne a ma'aikatar safiyo. Shi ke ɗaukar ƙafafun na'urar awo da doguwar sanda mai lambobi, yana bin masu awon ƙasa kan duwatsu da cikin kwazazzabai, tafiyar mako biyu, wani lokaci uku. Abokansa Safiyo suke ce masa, ko da yake bai taɓa leƙa idon na'urar ba sai in zai goge ta. Mutum ne marar hayaniya, irin wanda in an taka masa ƙafa shi ke ba da haƙuri. Duk tafiya Ko-ta-kwana ce ke shirya masa jakar goyonsa: riga shida, wando huɗu, bargo biyu, takalmin canji, fitilar ƙwai, 'yar tukunya, lema, igiya, da kifin gwangwani kamar zai buɗe kanti. Yakan tsuguna ya zura hannuwa cikin maratayan, ya miƙe yana tangaɗi, ya ce, "Madalla, uwar yara." In ya dawo kuwa komai ya yi baƙi ƙirin, har bargo na biyun. Sai ta zube su a baho tana wanki tana cika baki.

"Ka gani ko? Da ban sa maka riga ta shida ba fa?"

"Ai kin yi dabara," in ji shi.

Shekara talatin suna haka. Shekara bakwai da suka wuce gwiwarsa ta ƙi, motar ofis ta ɗauko shi daga daji har ƙofar gida, jakarsa a motse, rabin kayan babu. Ya ce a wajen tsallake kogi suka zube, ruwa ya tafi da su. Ta yi mako guda tana tsine wa kogin, musamman saboda koren bargon da ita da hannunta ta yi wa baki da jan zare. Daga nan ya yi ritaya, ya koma kujerar bakin taga shi da rediyonsa.

Cikin 'ya'yansu shida, Auta ce ta gaji ƙafar ubanta. Ta yi karatun itatuwa da namun daji, ta samu shiga ma'aikatar gandun daji a matsayin mai koyon aiki. Sai dai ba a tabbatar da kowa a aikin sai ya yi tafiyar gwaji: kwana huɗu a ƙasa kan duwatsu, kowa da kayansa a bayansa, da abincinsa da ruwansa da shimfiɗarsa. Sau biyu ake ba mutum dama. In ya faɗi na biyun, sai ya nemi wata sana'a.

Bara Auta ta yi na farko. Ko-ta-kwana ta je kasuwa da kanta ta zaɓo jakar da ta fi kowace girma, irin wadda za a sa ɗan akuya a ciki a ja zif. Kwana uku tana shirya ta. Ta raka 'yar har bakin motar ma'aikata, ta tsaya sai da ta ga ƙarti biyu sun ɗaga jakar sun ɗora. A rana ta biyu ta tafiyar Auta ta zauna kan wani dutse ta kasa tashi, kafaɗunta duk sun saluɓe. Shugaban tawaga ya rataya jakar a sikeli: kilo ashirin da huɗu. Ita kanta Autar arba'in da bakwai ce, har da takalminta. Aka juyo da ita gida.

Kowa a gidan ya san abin da ya kayar da yarinyar, ban da mutum ɗaya.

"Jakar ce ba ta da kirki," in ji Ko-ta-kwana, da aka sanar da ranar tafiyar bana. "Maratayanta sirara kamar zaren buhu, ba dole su yanke ta ba? Wannan karon mai ƙarfe a ciki za a samo, kuma ta fi waccan faɗi. Bara har safa biyu na bari a waje don rashin wuri, abin yana raina har yau."

Auta ta dubi ubanta. Ubanta ya duƙufa yana neman wata tasha a rediyo.

Ana saura kwana goma, ranar Asabar da hantsi, Ko-ta-kwana ta fito daga kicin ta tarar da su biyun a bakin ƙofa suna ƙus-ƙus, shi har ya sa hula ya ɗauki sandarsa.

"Sai ina?"

"Nan wajen Mai Jaka za mu leƙa," in ji Safiyo, "a ɗan dubo wa yarinyar nan..."

"A dubo jaka ba ni? Ku jira in ɗauko lemata."

"Wajen akwai cunkoso fa, ga ƙafarki."

"Ƙafata lafiyarta ƙalau, Malam. Taka ce ke kuka kamar tsohuwar ƙofa. Mu je."

Mai Jaka abokin Safiyo ne tun na samartaka. Shekara talatin tana jin sunansa, don shi ke gyara jakar mijinta duk tafiya, amma ba ta taɓa taka shagonsa ba. Shagon yana bakin tashar mota, a ƙarƙashin matakalar wani bene da teloli ke sama. Jakunkuna sababbi da na gwanjo sun rataya tun daga rufi har suna shafar kan mutum, warin gam da roba ya cika wurin, ga keken ɗinki mai hannu a kan tebur, ga sikeli mai ƙugiya a bakin ƙofa. Shi kansa ɗan guntun tsoho ne, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya. Da ya hango uba da 'ya ya taso da fara'a. Da ya ga ta ukun sai fara'ar ta tsaya a rabi.

"Safiyo, ai ba ka ce da uwargida za ka zo ba."

"Ni ma a bakin ƙofa na sani."

Ko-ta-kwana ta gaisa a gurguje, idonta yana sama. Ta ɗaga lema ta nuna.

"Waccan ja ta can ƙurya. Sauko min da ita."

"Waccan lita tamanin ce, uwargida. Ta ƙarti ce masu yin wata guda a daji."

"To, ita nake so."

Bai sauko da ita ba. Sai ya zaro tef daga wuyansa ya miƙa mata, ya ce Auta ta juya ta sunkuyar da kai, uwar ta auna masa daga ƙashin nan da ke fitowa a gindin wuya zuwa saman ƙugu. Ta auna tana ƙunƙuni, ta faɗa masa lambar.

"Jaka kamar takalmi ce, 'yata," ya ce wa Auta. "Ba girmanta ake dubawa ba, tsawon bayan mai ita ake dubawa. Bayanki gajere ne. Waccan ja in kin goya ta, ɗamararta a cinya za ta sauka, nauyin duk ya koma kafaɗa. Ita kuwa kafaɗa ba aikinta ba ne ɗaukar kaya, riƙe jakar kawai take kada ta faɗi baya. Ƙugu ke ɗauka. Lita arba'in ta ishe ki."

"Lita arba'in?" in ji Ko-ta-kwana. "Kananzir aka aike ta saye? Ina za a sa tukunya? Ina za a sa bargo na biyu?"

"Ai amfaninta ke nan," in ji Mai Jaka. Sannan ya ga fuskarta, ya kama tari.

Ta waiga tana neman inda za ta zauna ta yi masa bayani a tsanake. Nan idonta ya sauka kan labulen da ya raba shagon da 'yar ma'ajiyar ciki. Kore ne, ya koɗe, mai ya ɓata shi, amma bakinsa jan zare ne, kuma a kusurwar hagu ga inda zaren ya ƙare mata ta ƙarasa da ruwan goro.

Ta taka ta yaye labulen. A kan wani katako akwai buhu, an rubuta SAFIYO a jikinsa da baƙin fenti. Ta jawo shi ta zazzage a tsakiyar shagon. Fitilar ƙwai ta gangaro, sai 'yar tukunya, sai lema, sai takalmi. A ƙarshe riguna huɗu, a naɗe sau uku, wuya a ciki, kusurwar kowace a lanƙwashe. Ba wanda ya taɓa warware su.

Ta ɗaga kai ta dubi shagon tun daga rufi har ƙasa, sannan ta dubi mijinta.

"Malam, wannan ne kogin?"

Safiyo ya zauna kan benci ba tare da an ba shi wuri ba.

"Uwargida, kada ki ɗauka da zafi," in ji Mai Jaka, da niyyar gyara. "Ai ba wannan tafiyar kaɗai ba ce, balle ki ce kayan ranar ya raina. Kullum haka muke yi. In zai tafi ya biyo nan ya sauke rabi, in ya dawo ya kwashe. Wancan karon ne motar ofis ta wuce da shi gida kai tsaye."

"Rufe mana baki, don Allah," in ji Safiyo.

"A'a, bar shi ya yi magana, yau na samu mai gaskiya. Kullum tun yaushe?"

"Tun... tun kafin a haifi babbar 'yarku."

"To, dattin fa? Riga shida nake wankewa duk dawowa, baƙi ƙirin. Wa ke sa su?"

Mai Jaka ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Babu mai sawa. Nakan dai goge keke da su. In ba su yi ba, mu yayyafa ruwa a ƙasa mu ɗan tattaka. Bargon kuma kyanwar shago ke kwanciya a kai."

Telolin sama sun ce har can suka ji muryarta, kuma kekunansu na gudu.

"Shekara talatin! In yini ina wanke zannuwan asibiti, hannuna ya tsattsage da sabulu, in dawo gida in tsuguna ina dirzar dattin shagonka! Ina dirza ina cewa Allah sarki, bawan Allah ya sha wuya a daji! Ashe man keke ne! Ashe sawun ƙafar tsofaffin banza biyu ne, da gashin kyanwa! Kai kuma kana zaune kana ce min na yi dabara!"

"Ai na gaya miki sau ɗaya," in ji Safiyo a hankali, idonsa a kan sandarsa. "Tafiyata ta biyu bayan aurenmu na ce ki rage. Kwana huɗu ba ki amsa gaisuwata ba. Ni kuma ban da jakar ga ƙafafun na'ura a kafaɗa, ga sandar awo a hannu. Da na hau dutse da duk abin da kike sawa, gwiwar nan ba za ta kai shekara biyar ba, balle talatin."

"Yau kuma me ya kawo ku? Wace ƙaryar aka zo ɗinkawa?"

Auta ce ta amsa.

"Jaka biyu za mu saya iri ɗaya, Mama. Ki shirya ɗaya, Baba ya shirya ɗaya a ajiye a nan. In zan tafi in biyo in musanya."

"Ni da ke raka ki har mota?"

"Da safen ranar gwiwata za ta tashi," in ji Safiyo. "Sosai. Sai kin zauna kin gasa min."

Ko-ta-kwana ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Mama," in ji Auta, "bara ko rabin jakar ban buɗe ba. Tukunya da fitila da bargo na biyu, hawa kawai na yi da su, aka sauko min da su. Ke kika yi jinyar kafaɗata, kin ga yadda ta yi. Dama ɗaya ta rage min. Ina son aikin nan."

Wasu uwayen da a nan za su fashe da kuka. Ko-ta-kwana ba ta cikinsu.

"Ragwanci ne," ta ce, "ke da ubanki. Ni da na tsufa ina ɗaukar ƙunshin jiƙaƙƙun zannuwa? Sauko da jar jakar nan. Zuba mata kilo ashirin da huɗu in nuna muku."

Aka sauko da ita. Mai Jaka ya zuba kayan buhun, ya ƙara da guduma da tsofaffin ƙarafan keken ɗinki, yana ratayawa a sikeli har allurar ta tsaya inda ta ce. Su biyu suka ɗaga mata. Ɗamarar ta sauka a cinyarta, kamar yadda ya faɗa, abin da ya ƙara mata haushi. Ta nufi matakalar benen.

Taki ashirin da biyu ne zuwa wajen teloli. Biyar na farko ta hau su da faɗa a bakinta. A na tara faɗan ya ƙare, don numfashin ba ya isar aiki biyu. A na goma sha biyu maratayan suka fara cin naman kafaɗarta kamar wuƙa marar kaifi, jakar tana janta baya, sai da ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu. A na goma sha huɗu ta zauna. Wani tela ya leƙo, almakashi a hannu, ya ce, "Hajiya, a taimaka?" Ta yi masa kallon da ya mayar da shi kan kekensa.

Ta jima a wurin. Daga nan tana hango motoci suna lodi a tasha, 'yan dako suna ɗora buhuna, ta lura ko su ɗan taƙi kaɗan suke yi su sauke. Ita ga ta a taki na goma sha huɗu, a inuwa, da karin kumallo a ciki. Yarinyar yini ɗaya da rabi ta yi da wannan abu a kan dutse kafin ta zauna. Ba tausayi ne ya fara zo mata ba, haushi ne: na mijin da ya ga ana ɗora wa 'yarsa wannan kaya bara ya yi shiru yana murɗa rediyo, na Mai Jaka da kyanwarsa, da kuma wani haushin da ta rasa wanda za ta ɗora wa, don duk inda ta juya shi wajenta yake dawowa.

"Ku zo ku cire min wannan masifa," ta ce. "Kuna tsaye kamar an dasa ku."

Da ta sauko ba ta ba kowa haƙuri ba, ba ta kuma nemi a ba ta ba. Ta ce a jero mata masu lita arba'in. Nan Mai Jaka ya gane bai fara shan wahala ba tukuna. Ta farko ta juya cikinta waje ta nuna masa inda aka yi ɗinki layi ɗaya a gindin maratayi. Ta biyu ta yi ta jan zif ɗinta, a na bakwai ya ci yadi, ta jefar. Ta uku ta ce aljihunanta sun yi yawa.

"Aljihu goma sha ɗaya! Na san kaina, sai na cika su."

Ta huɗu ruwan toka ce, ta gwanjo, ba kyan gani, amma ɗamararta mai kauri ce da soso, bayanta da 'yan sanduna biyu a ciki, ga rigar ruwa a aljihun ƙasa. Aka zuba mata kaya, Auta ta goya, aka ɗaure ɗamarar daidai kan ƙashin ƙugu, aka ja maratayan. Ko-ta-kwana ta tura yatsu biyu tsakanin maratayi da kafaɗa, suka shige. Ta sa 'yar ta hau benen ta sauko sau uku.

"Ina yake miki ciwo?"

"Babu, Mama."

"Kada ki yi min irin ta ubanki."

"Wallahi babu."

"To, wannan. Kai kuma, Mai Jaka, ka sake bin gindin maratayan nan da zare mai kauri, ina tsaye. Kilo nawa ya kamata ta ɗauka?"

"Kada ya wuce goma sha ɗaya, har da ruwan sha. Masu nauyi a jikin baya, a tsakiya, shimfiɗa a ƙasa..."

"Ban tambaye ka yadda ake shirya kaya ba."

Ta miƙa hannu ta sauke sikelin daga ƙusarsa ta jefa a jakar hannunta.

"Uwargida, da shi fa nake aiki."

"Ka yi shekara talatin kana aiki da rigunan mijina. Cire min bargona daga ƙofar nan. Malam, ɗauki buhunka. Kai za ka kai shi gida, da gwiwar nan da za ta tashi ranar Talata."

Kwana taran da suka biyo baya gidan bai zaunu ba. Ta kafa ƙusa a ƙofar ɗaki ta rataya sikelin. Cika jaka abu ne da take yi ido rufe. Rage ta kuwa sai ka ce haƙori ake cire mata. Ta sa, ta auna, ta yi tsaki, ta zazzage. Sabulu ta yanka shi huɗu ta ɗauki ɗaya. Tawul ta raba biyu ta yi masa baki. Riga uku suka koma biyu bayan an yi rabin yini ana gardama, ita da kanta, don babu wanda ya isa ya sa baki. Tukunyar ta shiga ta fita sau biyar. Da Safiyo ya ce, daga bakin taga, a zamaninsu cokali ɗaya ya ishi mutum, sai ta ce masa wanda kayansa ke yin daji a ƙarƙashin bene ba shi da ta cewa. A ƙarshe allurar ta tsaya kaɗan ƙasa da goma sha ɗaya. Ɗan abin da ya rage ta cike shi da ashana, a naɗe cikin leda uku.

Ranar Talata ta raka 'yar bakin mota. Auta ta ɗaga jakar da hannu ɗaya ta miƙa. Kunya ta kama Ko-ta-kwana ganin jakunkunan wasu sun ninka ta 'yarta, kamar a ce yarinyar ba ta da uwa. Ta dawo gida ba ta kula kowa ba.

Rana ta biyu hadari ya haɗu ta wajen duwatsu, aka yini ana ruwa. Ita ma ta yini tana zirga-zirga tsakanin taga da kujerar da ta ajiye bargo na biyu a kai, tana cewa in wani abu ya sami yarinyar nan, tsofaffi biyu za su gane kurensu. Safiyo ya kashe rediyo ya yi zamansa kamar ba ya nan. Duk motar da ta tsaya a layin sai ta leƙa, don bara a rana ta biyu aka kawo ta. Motar ma'aikata ba ta zo ba. Rana ta uku ma ba ta zo ba.

Ranar Juma'a da yamma Auta ta shigo da ƙafarta, ta yi baƙi, ta rame, tana ɗingishi saboda bororo a dunduniya. Ta gama. Cikin su goma sha biyu, tara suka kai ƙarshe, tana cikinsu, kuma shugaban tawaga ya ce takardar tabbatar da ita za ta fito ƙarshen wata.

Ko-ta-kwana ta ce, "To, madalla." Ta karɓi jakar ta zazzage a baho, ta ɗauki rigunan ɗaya bayan ɗaya ta kai hanci. Zufa ce, da hayaƙi, da jar ƙasa.

"Wannan dai an sa shi," ta ce, da ƙarfi yadda na bakin taga zai ji. "Akwai abin da ba ki taɓa ba?"

"Babu, Mama. Ashanarki ma ita ta yi mana rana, ta kowa ta jiƙe. Sai dai sanyi. Kwana na uku na ji jiki, da akwai bargo na biyu..."

Ko-ta-kwana ta miƙe tsaye, ruwa yana ɗiga daga hannunta.

"Malam! Ka ji ko? Maimaita masa, kunnensa ba ya aiki sosai in gaskiya ce."

"Na ji," in ji Safiyo. "Ai kin yi..." Sai ya haɗiye sauran.

Auta tana aikinta yanzu, jakar nan ruwan toka ta zaga duwatsu da yawa. Riguna huɗun Safiyo ke sa su, layin ninkin shekara bakwai ya ƙi fita ko da guga, kuma shi ke wanke abinsa, Laraba da Asabar, zaune kan 'yar kujera saboda gwiwa. Ko-ta-kwana ba ta sauya ba. Har gobe da lema da tocila take zuwa ƙofa ta uku, amma wannan ita ke ɗauka. In wani ne zai ɗauka, jika ne ko baƙo, sai ta rataya kayan ta karanta allura tana tsaki, ta cire abin da za ta cire. Mai Jaka ya aiko sau biyu a karɓo masa sikelinsa. Daga baya ya sayi wani.